Antan Mai Ƙaton Baki

Sale, autan Gumsu, ya shekara uku a Aljeriya bai kira ba, don ranar da ya kama hanya ba da izininta ba, ta ce masa kada ya ƙara kiranta uwa. Gumsu kuwa mace ce da in ta faɗi magana, duk ƙauyen Kwaya an san ba ta lashe ta.

Sai bayan an cire gyaɗa ya fara kira, kowace Juma'a da la'asar, da wayar aro wadda lambarta ba ta fitowa. Muryarsa tar take ji. "Inna, ki yafe mini." Ita kuma ta buɗe maƙogwaro ta ce ta yafe, har awaki su watse, amma sai ta ji shi yana cewa, "Inna? Har yanzu ba za ki yi mini magana ba?" Wannan abu ya ci mata rai. Juma'ar da ta wuce ya ce saura kira ɗaya. In ta sake yin shiru, ya gane, ba zai ƙara damunta ba.

Ran Alhamis Hamida, 'yar ƙanenta mai aikin rezo, wato sabis ɗin waya, a Magaria, ta zo gaisuwa bisa babur. Gumsu ta dangwara mata salular a cinya.

"Ga tsiyarku nan. Tana nuna akwai rezo, amma kurma ce."

Hamida ta duba, ta yi dariya, irin dariyar wanda ya san aikinsa.

"Gwaggo, hanya biyu ce ai. Ɗaya ta sauko daga antan, dogon ƙarfen nan na rezo, zuwa gare ki, ɗaya ta hau daga gare ki zuwa antan. Antan ƙaton baki gare ta, ko daga nesa kina jin ta. Salularki kuwa, da ɗan batirinta, raɗa take yi. Ga gidanki cikin kwari, tudu ya tare."

"To in ƙara ɗaga murya?"

"Ko kin tsage maƙoshi banza ne. Ke za mu ɗaga."

Washegari aka ɗaura wa jaki amalanke. Hamida na gaba tana kallon lambobin da ke sauyawa a wayarta, har bisa tudun bayan gonakin gyaɗa, inda ake hango kan antan can nesa kamar tsinke. Nan ta ja layi da ƙafa ta ce a tsaya. Gumsu ta ci ɗamara ta haye amalanken ta miƙe tsaye, ta ƙi a riƙe ta. Masu dawowa daga masallaci suka yi cirko-cirko suna kallo, ko a jikinta.

Salular Gumsu ta yi ƙara.

"Inna, ni ne. Na san ba za ki..."

"Sale."

Shiru. Ta harari Hamida. Hamida ta yi mata alama da hannu: ya ji. Can sai ga shesshekar ƙato daga Aljeriya, har Gumsu ma idonta ya kawo ruwa.

"Inna, kin yafe?"

"Kai, tafi can! Juma'a tara ke nan ina yafe maka, awaki ne kawai shaiduna."