Allura a Tafin Ƙafar Baba

Baba ya dawo daga shago da allura a tafin ƙafarsa, ta nutse rabi, bai sani ba. Inna ce ta hango ta yana miƙe ƙafa a tabarma. Shekara talatin yana taka keken ɗinki da wannan ƙafar. Yaya, da yake shi ne babba, ya yanke hukunci: in likita ya ce ƙafar ta mutu, za a rufe shago, keken ya koma ɗakin ajiya.

Mai aski na kusa da shagon ya riga ya tsegunta wa Baba yadda gwajin yake. Za a rufe maka ido, a taɓa tafin ƙafa da wani siririn zare mai tauri, in ka ji ka faɗa. Saboda haka a hanyar asibiti Baba ya ba ni aiki: duk lokacin da zaren ya taɓa shi, in yi tari.

Sau uku abin ya tafi daidai. Ina tari, Baba yana amsawa cikin isa. Sai likita ya tashi ya je bakin taga, hannu biyu a aljihu. Wata mata ta yi tari a baranda.

"Na ji," in ji Baba. "Wannan kam har cikin ƙashi."

Likita ya ce in fita in nemi maganin tari. Da aka sake gwajin babu ni, cikin taɓawa goma, biyu kawai ya ji. Aka gutsiri 'yar fata a saman idon sawunsa don a ƙirga ƙananan jijiyoyin ciki. Baba ya tambaya ko za a ɗinke wurin, domin yana so ya fara ganin hannun mai ɗinkin.

Sakamako ya nuna jijiyoyin sun sirance kamar tsohon yadi. Likita ya ce ciwon sukari bai shigo ba tukuna, amma yana bakin ƙofa yana cire takalmi. Jijiyoyin za su iya sake tsirowa in Baba ya bar sukari, ya rage tumbi, ya yi tafiya kullum. Yaya ya ba shi wata shida.

Baba ya karɓi tafiya hannu bibbiyu, har muka yi mamaki. Ashe wurin mai shayin wata unguwa yake zuwa, inda ba a san shi ba, a zuba masa sukari cokali uku. Inna ta gano, ta je ta ja kunnen mai shayin. Baba ya ƙara gaba, ita ma ta bi sawu. Kafin wata huɗu babu mai shayin da bai san fuskar Inna ba, Baba kuwa yana taka rabin gari ya dawo da shayi salam a ciki. Da kansa ya rage wa wandunansa ƙugu, yana mita.

A wata na shida, da hantsi, ya taka allura a shago. Ihun da ya yi ya sa mai aski ya kusa yanke kunnen mutum. Na durƙusa zan cire, ya buge min hannu.

"Kar ka taɓa. Kira yayanka ya zo ya gani."

Yaya ya zo, ya dubi allurar, ya dubi hawayen Baba, sannan ya juyo kaina ya tambaya ko na yi tari. Na ce ko numfashi ban yi ba. Shi ya zare ta da hannunsa, Baba ya zage shi tas, ya ɗingisa ya hau keken.