Kanta Mai Cin Faifai Takwas

Ni na fara ganin abin nan, tun kafin wani mai farin gilashi ya san da shi, kuma haka na gaya wa mai gadin asibitin da ya sa hannu ya tare ni a ƙofa.

"Baba, lokacin dubiya bai yi ba."

"Ɗana, wayar da ke aljihunka, ka san abin da ya sa ba ta nawa? To, ga shi tsaye gabanka."

Ya dube ni, ya dubi sandata, ya matsa. Wataƙila ya ɗauka ni ma gado na zo nema.

Bari in warware muku, don yaran yanzu danne-danne kawai suka iya. Shekara goma sha tara na yi ina riƙe da sito a wata cibiyar bincike, zamanin da kwamfuta guda take cika ɗaki. Sanyin ɗakin ya kwantar da mutum uku kafin ni. Ni ko mura. Na'urar ba ta iya riƙe abu da yawa, sai a faifan tef, kowanne faɗin tire. Faya-fayan sun haura dubu, suna can ƙasa, matakala arba'in da biyu. In ta nemi ɗaya sai ta tsaya cak, injiniyoyi su harɗe hannu, ni in gangara in hauro.

Ban taɓa zama a aji ba, amma gwiwata ta yi karatu. Na lura faifan da aka nema da safe, shi za a sake nema kafin rana ta take. In aka nemi na bakwai kuwa, na takwas na nan tafe. Sai na kafa 'yar kanta a bayan ƙofa, mai cin faifai takwas. In ta cika, wanda ya fi daɗewa ba a tambaye shi ba, shi nake mayarwa ƙasa. In abin da ake so yana kan kanta, kafin a rufe baki na miƙa. In babu, in ce "Kash!" in kama matakala.

Injiniya, wani siriri mai rubutu da hagu, shi ya tsaya wata rana yana kallon kantar har shayinsa ya huce.

"Sarkin Sito, wa ya koya maka wannan?"

"Ciwon gwiwa, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wata shida yana zaune kusa da ni da littafi, yana lissafa sau nawa na miƙa, sau nawa na gangara. Ni na ce masa su daina watsa aiki kamar hatsin kaji, su jera ayyukan da ke son faifai ɗaya bi da bi. Ya sake rubuta umarnin na'urar a kan haka, aikin kwana biyu ya koma na yini. Daga baya suka ƙera mata tata kantar a cikin cikinta, ƙarama mai sauri, suna kiranta kash. Ya rantse mini kalmar wani harshe ce, wai maɓoya take nufi, wai a wasu wuraren ma ana irin binciken. Ni dai na san bakin da ta fito.

Ranar da aka karrama shi, ni na jera kujerun, na koma baya na tsaya da sabuwar rigata. Ya gode wa shugaba, ya gode wa matarsa, har kamfanin da ya sayar musu da wayar lantarki ya samu rabonsa. Ni ko tari bai yi ta wajena ba. Sau uku ya zo gidana bayan haka, sau uku na sa mai ɗakina ta ce ba na nan, alhali ga takalmina a bakin ƙofa. Shekara ashirin da shida ke nan. Na binne mai ɗakin nawa, na binne abokan aikina kaf, cibiyar ma an rushe ta an yi wurin ajiye motoci. Ni ina nan daram.

Jiya 'yarsa ta samo lambata, ta ce yana kwance. Shi ya sa na sammako, da maganata a jere a baki. Ba haƙuri na zo ya ba ni ba. So nake ya dube ni a gaban 'yarsa ya faɗi wanda ya fara gani.

Ta tare ni a baranda, mace mai furfura a goshi, wadda na sani tana rarrafe.

"Baba, kai ne Sarkin Sito? Har bara yana cigiyarka. Mun je tsohon gidan, aka ce ka ƙaura."

"Yanzu fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Likita ya ce kansa ba ya riƙe mutum da yawa yanzu. Ni, da ƙaninsa, da nas ɗin da ke masa wanka. Wanda ya kwana biyu bai leƙo ba, sai ya fita."

Dokar kantata ke nan. Wa za ta koya wa wannan doka?

Gadonsa na jikin taga. Da siriri ne, yanzu kuwa bargon ya fi shi nauyi. Na gyara tsayuwa, na buga sanda.

"Injiniya, ni ne."

Ya ɗago ido. Ya dubi goshina, ya dubi hannuna, leɓensa na motsi. Ya tsaya cak. Na san tsayuwar nan, na yi shekara goma sha tara ina ganinta. Nema yake, kuma ba wanda zai gangara ya ɗauko masa. Can ya saki numfashi, a hankali.

"Kash."

"Haka yake cewa in ya nemi abu ya rasa," in ji 'yar. "Ba mu san inda ya samo ta ba."

Maganin da suke goge daɓe da shi a asibitin nan yana sa ido ruwa, ya kamata a yi musu magana. Na nemi jawabin da na jero tun daga gida, ko kalma ban tarar ba. Na ja kujera. Na ga faratansa sun yi tsawo, na karɓi abin yankan farce a hannun 'yar, na kama hagun nan na fara. Ya bar mini hannun kamar jariri.

"Malam, kana da kirki," ya ce. "A nan kake aiki?"

"E, ranka ya daɗe. Yau na fara."

Da 'yar ta rako ni, ta ce likita bai ba su fiye da makonni ba. Na tambaye ta ƙarfe nawa ake buɗe ƙofa. Ta ce goma. Na ce ta gaya wa mai gadin nan tara zai riƙa ganina, kullum, ko ana ruwan ƙanƙara. Mota biyu nake hawa kafin in iso, to sai me? Ba a yi gwiwar da ta kai tawa ba.

Wanda kuma yake ganin ƙarya nake, ban hana shi ba. Ya zo hawa na biyu, gado na jikin taga, zai same ni zaune. Ya tambayi Injiniya da bakinsa ko ni wane ne. Yau ba zai faɗa ba, gobe ma haka. Amma zai faɗa. Mai musun dai ya yi sauri.