Wasan "Ke!"

A tsakiyar gidajenmu na haya akwai ɗan filin ciyawa, da famfo a ƙarshensa. Nan magidanta masu furfura ke ɓata yammacinsu suna gara murfin tukunya. Sunan wasan "Ke!". Za ka tsaya ƙarƙashin igiyar shanya, ka gara murfin a kan gefensa, ka daka tsawa, "Ke!" Wanda nasa ya kwanta kusa da famfo shi ya ci. In ya kife, ka faɗi. In ba ka yi tsawar ba, ka yi aikin banza. Iyakar hikimar ke nan.

Rigima ta tashi ranar da 'yar ƙanwata ta fito da murfinta ta shiga layi. Mai aski, ɗaya daga cikin magidantan, ya tare ta.

"Koma ciki, 'yata. Mace ba ta taka ciyawar nan."

"Baba, wa ya ce?"

"Sunan wasan ya ce! Marigayi mai gadi da ya ƙirƙiro shi, matarsa yake kora: ke, kauce!"

Wani direba, abokin wasansa, ya gyaɗa kai kamar a gabansa aka yi, alhali lokacin ko rarrafe bai fara ba. Na ce musu ƙarya ba ta zama doka don ta tsufa. Suka ce ba ni da baki, tunda ban taɓa gara ko faranti ba. Yarinya ta ƙi motsi, idonta ya kawo ruwa. Haushi ya sa na je na riƙo hannun matar marigayin, tsohuwa tukuf, na kawo ta.

Ta saurare su, ta ja tsaki.

"Ni zai ce wa ke? Shi ɗin wa? Akuya yake jifa, tana cin shukarsa. Kullum sai ya sungumi murfina, kullum sai ya kuskure. Ni na ce masa, Malam, ka fara koya da famfo, shi ba ya gudu."

Mai aski ya sosa ƙeya. "To, ai dai sunan..."

"Sunan akuya ne. Ita za ku hana."

Yarinyar ta goge ido, ta tsaya ƙarƙashin igiya. Har yanzu mai aski na tsaye a tsakiyar hanya, baki sake. Ta saita murfinta, ta dube shi.

"Kai!"

Ya yi tsalle gefe. Kafin murfin ya kwanta, direba ya soma musu wai wannan tsawar ba ta ƙirgu ba.