Kwantenar Toka a Limawa

Yaya Abdulbaƙi mutumin kirki ne, amma tunda aka ƙirƙiro jihar Jigawa aka dawo da shi Dutse aikin ofis, ya fara yawo da biro uku a aljihun gaba, kuma duk wanda ya ce masa ya yi kuskure sai ya nuna masa takarda. Ni Luba ƙanwarsa ce, na fi kowa sani.

A shekarar 1998 mu mata talatin da ɗaya na Aujara muka haɗa zoɓon da muke shukawa a gefen gonakin mazajenmu, muka ce bana ba za mu ba 'yan baranda ba. Yaya ya samo mana wani mai saye a Legas da zai fitar da shi ƙasar waje. Sharaɗinsa biyu ne: kayan su tafi lokaci ɗaya a kwantena ɗaya, kuma kada zoɓon ya murmushe. Ni na bi gida-gida na rantse wa mata cewa buhun kowa zai tafi. Kowacce ta ɗinke bakin nata da zare mai launi don ta gane shi, muka kai buhu ɗari huɗu da talatin wani sito a unguwar Limawa da ke Dutse.

Ranar Litinin Yaya ya zo siton a kan babur yana fara'a. Ya ce kwantena iri biyu ce, mai ƙafa ashirin da mai ƙafa arba'in, kuma ya riga ya ce a turo ƙaramar, tirela za ta taso daga Legas ranar Laraba.

"Za ta ɗauka, Yaya?" na tambaye shi.

"Ke Luba, bara na ga an loda riɗi tan goma sha tara a irinta. Naku ko tan goma sha ɗaya bai cika ba. Har wuri zai rage."

Lissafin ya fi ƙarfina. Dada, mahaifiyarmu, tana zaune a bakin ƙofa tana ɓare gyaɗa. Shekarunta sun haura saba'in, kuma ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, don ɗan fari ne.

"Kai wannan," ta ce, "buhun riɗin nan, mutum nawa ke ɗaga shi?"

"Ƙarti biyu, Dada."

Ta miƙe, ta kama kunnen wani buhun zoɓo da hannu ɗaya, ta jawo shi har gabansa ta sake.

"To ga namu. Girmansu ɗaya da na riɗin ko ba ɗaya ba?"

Yaya ya yi dariya, ya ce idan wuri ya yi kaɗan ai sai a hau kai a danna. Nan raina ya ɓaci. Wata uku muna shanya zoɓon nan a kan tabarma, muna kore kaji da awaki, sannan a sa ƙarti su taka shi ya zama gari? Kuma idan rabi ya tsaya, ga damina ta matso, danshi zai baƙanta shi. Wa zan ce wa naki ne ba zai tafi ba?

Dada ba ta yi masa musu ba. Ta ce a ɗebo mata toka a maƙwabta, ta sa shi ya fito da tef ɗinsa ya auna mata girman ƙaramar kwantenar a filin gaban sito. Yana aunawa tana bin layin da toka, har aka fitar da ɗaki, ƙafa ashirin tsawo, takwas faɗi. Aka kafa gora mai tsayin rufin. Muka jera buhuna cikin layin, ashirin da huɗu suka cika shi taf. Muka ɗora wasu a jikin gorar, na tara ya kai ƙarshenta.

"To, mai biro," in ji Dada, "buga mana."

Ya zaro ɗaya ya rubuta a tafin hannunsa. Ya sake bugawa. Ɗari biyu da sha shida. Ya dubi cikin siton, ya dubi tokar, gumi ya keto masa. Wallahi sai ya ba ni tausayi, duk da haushinsa da nake ji.

Ya hau babur sai gidan waya. A lokacin samun layin Legas sai an dage. Ya yini a can, washegari ya koma tun da safe bai ko leƙa ofis ba. Bayan azahar ya dawo murya a dishe, ya ce an yarda, babbar za a turo.

Ranar Asabar tirelar ta shigo Limawa da ƙyar, sai da aka ɗaga wata rumfa kafin ta sha kwana. Matan Aujara suka cika mota biyu suka zo. Kowacce na tsaye tana sa ido a kan zarenta, buhu na shiga tana cewa alhamdu lillahi. Babu wanda ya taka ko ɗaya. Ni kuwa ina ta kallon wurin yana raguwa.

Can wajen la'asar ya rage buhu ɗaya a sito, mai baƙin zare, na Dada, wanda ta ce a bar shi ƙarshe ko da wuri zai gaza. Wani ɗan dako ya nufe shi, Yaya ya tare shi. Ya ɗora buhun a kansa da farar rigarsa ta ofis, jan zoɓo na bin gumin wuyansa, ya taka katako ya tura shi a ɗan gurbin da ya rage a sama. Direba ya jawo ƙofa ta rufe lafiya. Mata suka ɗauki guɗa.

Yaya ya zo ya durƙusa gaban Dada, ya ce mai sayen ya ce baɗi kwantena biyu yake so.

Dada ta kau da kai kamar yadda ta saba, ta miƙo mini ƙwaryar tokar.

"Ba shi ya ajiye a ofis," ta ce. "Zai buƙace ta."