Garin da Na Rubuta wa Falalu

A shekarar da gwamnati ta ce motoci su bar hannun hagu su koma dama, wato 1974, ina da tebur a bakin titin Nima a birnin Akra, kusa da babbar kwatar da ake kira gota. Aji huɗu na yi a makarantar boko kafin mahaifina ya cire ni, amma ajin nan huɗu ya isa a riƙa ce mini Kiraci, yadda mutanen ƙasar nan suke kiran akawu. Ina rubuta wa mutane wasiƙa, ina cika musu fom. In babu aiki sai in buɗe gwangwanina in duba tarkacena: makullin da ba shi da ƙofa, idon 'yartsana na gilashi, kwabo mai huji, wutsiyar ƙadangare mai reshe biyu. Ƙanwata Awabu takan ce ranar da na mutu wannan gwangwanin za a raba gado.

Mijinta Falalu abokina ne tun muna yara. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa lorin wani kamfanin katifa na wani Kwara ɗan Labanan, yana kai soso Tudu da Tema da Kumasi. Da aikin nan yake ciyar da Awabu da 'ya'ya biyar. Ko a korar baƙi ta 1969, lokacin da rabin layinmu ya watse, babu wanda ya taɓa shi, domin babu wanda ya tambaye shi komai.

Wata safiya ina kallon wata akuya da ta tsaya a bakin titi tana duban dama, motoci kuwa daga hagu suke fitowa, sai ga Falalu da takarda a hannu.

"Kiraci, bar kallon akuya ka ɗauki biro. An ce kowane ma'aikaci ya cika wannan, za a kai ofishin baƙi. Gobe suke so."

Na shimfiɗa takardar, na danne ta da dutse. Suna, shekaru, aiki, duk muka wuce lafiya. Sai muka zo layin da aka ce a rubuta garin mutum.

Ya ce, "Sa Akra."

Na ajiye biro. "Akra? Kai Falalu jikan Malam Gafaru Bakatsine?"

"A Tudu aka haife ni. Babana ma a nan aka haife shi. Sa Akra mu huta."

"Inda aka haife ka daban, garinku daban. Ranar ɗaurin aurenka da Awabu, da liman ya tambaya, ina aka ce? Ranar sunan ɗanka Fatawu, maroƙi wane gari ya kira? Ka taɓa jin ɗan zango ya ce zango ne garinsu? Nan sauka aka yi."

Haka muka taso. A zango, unguwar da Hausawa suka sauka, in aka ce maka ina ne garinku, garin kakanka na wajen uba ake nufi, ko da ba ka san hanyarsa ba. Wanda ya ce shi ɗan Nima ne kawai, sai a fara raɗa cewa ba shi da asali. Ni kuma, in faɗi gaskiya, ina son sunan Katsina. Ban taɓa zuwa ba, amma na gina ta a kaina tun ina yaro: jan bango, doguwar hasumiya, tattabaru suna kewaya ta. Hannuna yana marmarin rubuta sunan.

Falalu ya sosa ƙeya. Ya ce, "To, kai ka yi boko."

Na rubuta Katsina da manyan baƙaƙe, har na yi wa harafin farko ado. A layin garin uba ma na sake rubutawa. Layin garin uwa na bar shi fayau, domin a wurinmu ba a bin mutum ta can. Ya dangwala babban yatsansa a ƙasa, inda aka ce ya rantse duk abin da ke sama gaskiya ne.

Bayan mako uku aka karɓi makullin lori daga hannunsa.

Awabu ce ta zo ta gaya mini, ko mayafi ba ta gyara ba. "Yaya, me ka rubuta ma mijina? Sun ce shi baƙo ne. Baƙo! Mutumin da cibiyarsa ke bayan tashar Tudu."

Na ce kuskure ne, da na yi musu bayani za su gane. Na sa farar rigata, muka tafi kamfanin ni da Falalu.

Akawun kamfanin ya fito da takardar daga fayil, ya ɗora yatsa a kan rubutuna. Yana jin Hausar kasuwa, da ita ya yi mana magana.

"Wa ya rubuta wannan?"

Na ce ni ne. Na yi masa bayanin kakan Falalu, yadda ya zo fataucin goro tun kafin a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, da yadda muke kiran gari a zango. Ya saurara har na gama, yana juya biro.

"Papa, labari mai daɗi. Amma ofishin baƙi ba su karanta labari. Sun ga Katsina, Katsina kuwa Najeriya ne. Ɗan Najeriya sai da takardar izinin aiki." Ya juya ga Falalu. "Mamanka daga ina?"

"'Yar ƙabilar Ga ce, 'yan asalin Akra. Gidansu na bakin teku, suna nan har yanzu."

Akawun ya dafe kai. "To me ya hana ku rubuta? Ga layi nan a buɗe! Da kun sa wannan, da yanzu kana hanyar Kumasi."

Na ce a ba mu sabuwar takarda mu gyara. Ya ce ta farko ta riga ta shiga, da yatsa da rantsuwa. In aka kawo ta biyu da wani gari daban, tambayar da za a yi ita ce a wacce aka yi ƙarya, kuma wannan maganar 'yan sanda ce.

Kwaran da kansa ya leƙo. Ba mugun mutum ba ne, ya dafa kafaɗar Falalu. Ya ce gurbin baƙi huɗu aka ba kamfaninsa: shi, da ƙanensa, da Indiyawa biyu masu kula da injin soso. Ko da akwai na biyar, ba za a ba shi don direba ba, tunda 'yan ƙasa masu tuƙi sun cika gari. Na tsaya ina kallonsa. Shekara goma sha biyu da saukarsa daga jirgi, ga shi da takarda mai hatimi, yana ba Falalu haƙuri.

A hanyar komawa muka shiga tirotiro, motar haya. Falalu ya zauna kusa da direba, yana kallon hannun mutumin a kan sitiyari.

Wata shida ya yi yana zirga-zirga. Ofishin baƙi suka ce izinin aiki sai da fasfon ƙasarsa. Ya je neman fasfon, aka ce ya kawo shaidar haihuwa daga Katsina. Duk kamfanin da ya je neman tuƙi, sai an tambaye shi dalilin barin na farko. Awabu ta fara dafa shinkafa da wake tana sayarwa a ƙofar gida. Ta daina aiko mini da kwanon rana, ba tare da ta ce ta daina ba.

Daga baya ya ce tunda an ce shi ɗan can ne, bari ya je can ɗin. Ya tafi Legas, ya samu tuƙin motar yashi a Agege. Ya yi shekara bakwai. A farkon 1983 aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fita daga Najeriya. Suka ji Hausarsa, suka ji Turancinsa, suka ce ɗan Gana ne. A jirgin ruwa aka dawo da su Tema, a tsaye, kamar itacen girki.

Kwana uku da dawowarsa ya zo teburina da hantsi. Ya rame, gashinsa ya yi fari. Ya zauna a bencin masu jiran wasiƙa. Muka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a gidan makoki. Ya kamata in yi shiru, amma bakina ya riga ni.

"Ka kai Katsina kuwa?"

Ya dube ni. "Na kai. Sau ɗaya, da hutun salla."

"Yaya take?"

"Gari ne. Da kwata, da awaki." Ya gyara zama. "Kwana biyu ina tambayar gidan Malam Gafaru mai goro. Wani tsoho ya ce masu wannan sunan da suka tafi Gwanja fataucin goro ba su dawo ba sun fi a ƙirga. Yara suka riƙa bina suna kwaikwayon maganata. Ɗan Gwanja, ɗan Gwanja. A masallacin tasha na kwana."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalin ashana, ya ajiye a kan teburina. Na buɗe. Jar ƙasa ce a ciki, busasshiya.

"Ga garinmu nan, Kiraci. Sa a gwangwaninka."

Ya tashi ya tafi.

Bai sake riƙe sitiyari ba. Lasisinsa ya ɓace a cinkoson jirgi, idonsa kuma ya fara hazo. Yanzu kura yake turawa a Kasuwar Malam Atta, yana kai wa mata doya da buhunan masara bakin titi. Lorin kamfanin katifar yana nan, an sake masa fenti sau biyu, yakan wuce ta gaban kasuwar da sassafe da soso a bayansa.

Kwalin ashanar yana cikin gwangwanin, tsakanin makullin da idon gilashin. Na daina cika fom tun shekarar da ya dawo, wasiƙa kawai nake rubutawa.

A bara aka yi sunan jikarsa Amama. Ina zaune a can ƙarshen tabarma, inda Awabu ta nuna mini. Maroƙi sabon zuwa ne daga Nijar, bai san kowa ba. Ya matso kusa da Falalu ya durƙusa.

"Baba, wane gari zan kira?"

Falalu bai ɗaga kai daga goron da yake ɓarewa ba. Ya nuna ni da haɓa.

"Tambayi wancan. Shi ya sani."