Kwali na Bakwai

"Wannan fa? Na tsakiyar, mai rungume da rediyo?"

Tela ya kai hoton dab da hancin tsohon. Baba Mai Hoto ya ƙanƙance ido daga kan filo, ya daɗe yana kallo, sannan ya fara dariyar da ta ƙare da tari.

"Rediyon ma na aro ne. Ranar da aka jawo wa unguwar nan wuta ke nan. Ka ga, matarsa ce ta ce..."

"Sunansa, Baba. Sunan nake so."

"Kai dai Tela! Sai ka ce an ba ka ɗinkin gobe."

Shekara hamsin Baba ya yi yana ɗaukar hotunan mutanen garin: ma'aikatan jirgin ƙasa ranar yajin aiki, 'yan makarantar farko, tsohuwar kasuwa kafin ta ƙone. Amma ko hoto ɗaya bai rubuta wa suna a baya ba, wai kansa ne littafinsa. To ga shi yanzu a kwance, likita ya ce kwanaki suka rage. Da mutanen unguwa suka tashi tara tarihinsu a ɗakin karatu, sai aikin ya faɗa kan Tela, don katanga ɗaya ce tsakanin shagonsa da ɗakin tsohon. Hotunan kwali bakwai ne. Da ƙyar suka ga bayan shida, saboda Baba ba ya sakin suna sai ya ja labari.

Zama ya gagari Tela. Yakan bar allura a cikin yadi ya leƙo, ya koma, ya sake leƙowa. Masu kaya sai su zo su tafi da fushi, shi ko a jikinsa.

'Yar Baba ta shigo da kofin ruwa, ta tsaya a kansa.

"Kawu, ka bar shi ya huta mana. Tun safe kake juya shi."

"Goma kawai, 'yata. Hoto goma."

"Jiya ma haka ka ce."

"Ƙyale shi, uwata," in ji Baba. "Hutu na nan zuwa, har sai na gaji da shi."

Suka yi huɗu. Tsohon ya faɗi suna, Tela ya rubuta da fensir a bayan hoton. A na biyar barci ya sace shi baki buɗe.

Washegari da hantsi Tela na gwada wa wani kafaɗa ya jiyo salatin 'yar ta katanga. Tef ya suɓuce masa. Abin da ya fara zuwa ransa kwalin nan na bakwai ne, ba maƙwabcinsa na shekara talatin ba, kuma wannan ya ba shi kunya ƙwarai. Sai da aka dawo daga maƙabarta kukan ya zo masa, a bayan labulen shago.

Bayan kwana uku 'yar ta kawo kwalin da kanta. Malamin ɗakin karatu ya biyo ta, ya ce:

"Ba komai, Tela. Waɗanda suka rage sai mu rubuta musu 'ba a san shi ba'."

"Wa ya ce ba a san su ba? A nan fa suka tsufa!"

"To faɗa mini sunan ɗaya."

Da suka fita Tela ya zazzage hotunan a kan teburin yanka, yana zagaye su, yana ɗauka yana ajiyewa. Fuskoki ne kawai, kowa ya ƙame kamar an ce kar ya yi numfashi. Can idonsa ya tsaya kan wani dogo a bakin tasha. Bai gane fuskar ba, amma ya gane rigar. Aljihun ya karkace, irin karkacewar da hannunsa ke yi a shekarar da ya fara koyo. Nan take mutumin ya dawo masa: warin man inji, da yadda yake tsayawa a gwada shi yana kallon rufi. Sunan ne ya ƙi zuwa. Ya yi ta ƙoƙarin tunowa, ya dafe kai, ya kai ƙofa ya dawo. Babu.

Ya zauna, ya fiƙe fensir da reza, ya juya hoton ya rubuta: "Kafaɗa goma sha takwas. Hannun hagu ya fi na dama gajarta. Ba ya son maɓalli a wuya."

Ya ajiye shi gefe, ya jawo na gaba wajen hasken taga.