Kujerun Mai Doro

Mai gyaran kujeru ya sayo su ne a wurin masu tsofaffin ƙarafa, cikin tarkacen da aka jibge masa a bayan mota tare da ƙafafun tebur da ƙofofin kabad. Kujeru ne a jere, haɗe da juna a kan ƙarfe ɗaya, yadinsu shuɗi mai ratsin ruwan lemo, duk ya koɗe. Bai tsaya tambayar daga ina suka fito ba. Mai askin da ke ƙarshen layi ya daɗe yana damunsa da maganar abin zaman masu jira, don haka ya yi masa alkawarinsu, ya ce zai yaye tsohon yadin ya sa musu baƙar leda.

Washegari da hantsi goggonsa, ƙanwar mahaifinsa, ta biyo ta shagon daga wurin likitan gwiwa. Al'adarta ce in ta zo ta nemi wuri ta zauna, ta sha ruwa, ta yi masa faɗan ɓarɓashin soso da ya cika ƙasa, sannan ta wuce. Ran nan ba ta zauna ba. Ta tsaya a gaban kujerun tana kallonsu, har ya ajiye almakashi ya tambaye ta ko ƙafar ce. Ta sa ɗan yatsa ta ɗaga wani ƙaramin murfin ƙarfe da ke jikin hannun kujera, wurin zuba tokar sigari, ta sake shi ya yi ƙas. Ta sake ɗagawa ta saki. Sai ta kwashe da dariya, idonta ya kawo ruwa.

"Ka san abin da ka sayo kuwa? Kujerun Mai Doro ne," in ji ta. "In ka sa wa yadin nan almakashi, ni da kai ne."

Mai Doro shi ne sunan da ma'aikatan filin jirgi suka raɗa wa ƙaton jirgin nan mai hawa biyu a gaba, saboda tudun da ke kansa. Goggo tana budurwa lokacin da kamfaninsu ya kawo na farko, kuma tana cikin waɗanda aka zaɓa su yi hidimar fasinjoji a ciki. Mai gyaran kujeru ya sha jin labarin tun yana yaro, amma da kunne ɗaya. Yanzu da furfura ta fara fito masa, ya jawo benci ya saurara sosai. Ta ba shi labarin ranar da jirgin ya fara sauka, yadda mutane suka rufe shagunansu suka yi dafifi a jikin wayar shinge, wasu a kan rufin mota, wani tsoho yana ta rantsuwa cewa wannan gini ne ba jirgi ba. Ta ce a zamanin mutum sai ya ci ado kafin ya hau. Abinci a farantin tangaran ake kawowa, da cokali na ƙarfe mai tambarin kamfani. Akwai wata matakala mai murɗewa da ake bi a hau sama, inda aka shimfiɗa kujeru kamar falo, ita kuma ta iya hawanta da tire cike da kofuna ba tare da ɗigo ya zuba ba.

A bakin ƙofar jirgin nan ta haɗu da mijinta. Shi ke tuƙa motar da ke ɗauke da matakalar fasinjoji, shi ya sa har yau tsofaffin abokan aiki ba su san shi da wani suna ba sai Matakala. In jirgi ya tsaya, zai kara matakalar a jikinsa, ya hau da gudu, ya ƙwanƙwasa ƙofar alamar a buɗe. Ita ce ke buɗewa. Ta ce wata da watanni ba ya iya ce mata komai sai sannu da hanya, har ta gaji ta tambaye shi ko bakinsa bai san wata magana ba.

Abin da mai gyaran kujeru bai taɓa sani ba shi ne, mijin goggon nasa bai taɓa tashi sama ba. Kowace shekara kamfani yana ba ma'aikaci tikitin kyauta, kowace shekara kuma akwai wanda ya fi shi bukata. Wata shekarar mahaifiyarsa ce za ta ga likitan ido, wata shekarar ƙaninsa ne zai tafi karatu. In Goggo ta yi masa magana sai ya ce ai jirgi yana nan, ba inda za shi. Wata safiya suka je aiki suka tarar da kwaɗo a ƙofar ofis, jiragen a jere an toshe musu bakin inji. Kamfanin bai sake tashi ba. Kamfanonin da suke gasa da shi ma ɗaya bayan ɗaya suka bi shi, har sunayensu suka ɓace daga bakin mutane.

Goggo ta shafa yadin kujerar ta ce ya ba ta aron shagonsa ranar hutu. Bai gama fahimtar me take nufi ba ta zaro waya daga jaka ta fara kira.

Ranar hutun da yamma, mai gyaran kujeru ya share shagon fes, ya tura keken ɗinki da tarin soso can ƙurya. Ya ɗora kujerun a kan dakalin katakon da yake aiki a kai, daidai da tagar da ke kallon titi, ya jingina ɗan gajeren tsani. Wadda ta fara isowa ita ce Doguwa, abokiyar aikin Goggo, wadda tsufa ya ɗan ranƙwafar amma sunan bai sake ta ba. Ta kwance wani ƙunshi, sai ga butar shayi ta azurfa mai tambarin kamfanin. Goggo ta ce ashe ita ce ɓarauniyar da aka yi ta nema. Doguwa ta ce ajiya ta yi, tana jiran kamfani ya dawo ta mayar masa.

Bayanta sai Kyaftin, a bayan babur ɗin haya. Shi ne ya tuƙa Mai Doro shekara da shekaru, yanzu kiwon kaji yake yi a bayan gari. Ya sauko yana kakkaɓe dusa daga wandonsa, ya ciro tsohuwar hularsa ta aiki daga cikin leda ya kafa. Kansa ya yi sanƙo, hular ta zurma har kunne, dole mai gyaran kujeru ya yanko masa ɗan soso ya cusa a ciki. Rigar aikin Goggo kuwa ko hannu ɗaya ta ƙi shiga, sai ɗan ƙyallen wuya kawai ta ɗaura. Wasu tsofaffin ma'aikata suka zo da matansu, maƙwabta suka leƙo, mai walda na kusa ya jawo babbar fankarsa ya ce ita ce injin.

Matakala bai san komai ba. Ce masa aka yi ya zo ya taya ɗan wan matarsa ɗaga wani kaya. Ya iso da tsohuwar riga, ya tsaya a bakin shago yana kallon fuskokin da ya daɗe bai gani a wuri ɗaya ba, sannan idonsa ya sauka a kan kujerun. Ya cire hula ya riƙe a hannu. Kyaftin ya sara masa, ya ce jirgi ya daɗe yana jiran fasinja ɗaya, an kusa a tafi a bar shi.

Maimakon ya hau, Matakala ya durƙusa ya duba tsanin. Ya girgiza shi, ya ce an jingina shi a karkace, wanda ya yi wannan aikin a zamaninsu da ya sha takardar gargaɗi. Ya gyara masa zama, ya sa ɗan katako a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, ya sake gwadawa. Sai da ya gamsu sannan ya hau. Goggo tana tsaye a sama ta haɗe hannuwa kamar yadda aka koya mata.

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe," ta ce. "Kujerarka tana bakin taga."

Ya zauna. Doguwa ta ɗaura masa bel ɗin kujerar, wanda har yanzu ƙarfensa yana kamawa. Sauran suka cika kujerun, waɗanda ba su samu ba suka zauna a benci, aka ce su ne masu tikitin araha. Goggo ta tsaya a gaba ta nuna musu ƙofofin fita da hannu biyu, ɗaya ta titi, ɗaya ta banɗaki. Kyaftin ya zauna a kan kujerar ɗinki ya juya musu baya, ya naɗe kwali ya yi lasifika da shi. Da ya fara magana sai dariyar ta tsaya, domin muryar nan ce ta da, mai nauyi, marar gaggawa, wadda ke sa mai tsoro ya saki jiki. Ya yi musu maraba da sunan kamfanin da babu shi, ya ce sama garau take, ya roƙi kowa ya gyara zama. Mai walda ya kunna fanka, ƙyallayen da ke rataye a bango suka hau kaɗawa. Wata tsohuwar mai sayar da tikiti ta sunkuyar da kai tana share ido da gefen mayafi.

Ana tsakiyar raba shayi wata babbar motar yashi ta wuce ta gaban shagon. Dakalin ya girgiza, kofuna suka yi ƙara, shayi ya fantsama a rigar wani tsohon makanike. Kyaftin ko juyowa bai yi ba, ya ce sun shiga 'yar gargadar iska, kowa ya koma mazauninsa. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Daga nan hira ta ɓarke. Aka tuno fasinjan da ya buɗe laima a cikin jirgi don iskar sanyi na dukan kansa, da matar da ta haihu a sama aka rasa garin da za a rubuta wa jaririn, da ranar da Doguwa ta hango ƙanƙara a karon farko ta ce gishiri aka zubar a filin jirgi.

Da Goggo ta iso da tire wurin mijinta, sai ta tarar ya jingina kai da bango, bakinsa a ɗan buɗe, yana barci. Ta yi wa jama'a alama. Makanike ya ce a tashe shi, mutum ya jira abu tsawon rayuwa ya zo ya barce. Goggo ta hana, ta ce wannan shi ne cikakken fasinja, wanda bai yarda da jirgi ba ba ya runtsawa. Ta karɓi wani yadin labule a hannun ɗan wanta ta rufa masa a gwiwa. Bai farka ba sai da mai walda ya kashe fanka aka tafa wa Kyaftin. Ya mutsuke ido ya tambaya ko an riga an raba abinci.

Mai aski yana cikin 'yan kallo tun farko. Da aka watse ya jawo mai gyaran kujeru gefe ya ce alkawari dai yana nan, amma kada a taɓa yadin, haka yake son su. Aka wanke su da sabulu, aka ɗinke inda ya yage, aka kai masa. Tun daga lokacin shagon askin ya zama matattarar tsofaffin ma'aikata, har da Kyaftin da ba shi da abin askewa.

Wani ya ɗauki hoton bidiyo na ranar ya tura wa 'yar Goggo da Matakala da ke aure a gari mai nisa. Ta kira tana dariya tana kuka, ta ce ba ta taɓa sanin babanta bai hau jirgi ba. Ba a jima ba ta aiko musu da tikiti su biyu, ta kuma gargaɗi uwar cewa in Baba ya kyautar da nasa ba za ta yafe ba.

Jirgin da suka hau ƙarami ne, kujerunsa a matse, shayin ma a kofin takarda. Goggo ba ta taɓa tafiya a zaune daga farko har ƙarshe ba, sai ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Tun kafin a rufe ƙofa ta gyara wa wata mai goyo zama, ta nuna wa wani inda zai cusa jakarsa. Yarinyar da ke hidima ta lura, ta durƙuso ta tambaye ta ko Mama ta taɓa yin aikin nan. Da ta ji a wane jirgi ne, ta ce in an gama raba shayi za ta dawo ta sha labari.

Matakala yana bakin taga, ya manna goshi da gilashi yana kallon ma'aikatan ƙasa suna janye motocinsu. Jirgin ya juya, ya tsaya, injin ya ɗauki ruri, bayansa ya manne da kujera. Ya laluba ya kama hannun matarsa.

"Wannan ƙarar daidai ce?" ya tambaya a hankali.

Ita ma ba ta san ƙarar irin wannan jirgin ba, amma ta ce masa daidai ce. Ƙasa ta sake su. Ya ga rufin gidaje suna ƙanƙancewa, motoci sun koma kamar ƙwaro a kan titi, ya yi ta nuna mata da yatsa yana tambaya, tana amsa wanda ta sani.